Sawun Zabuwa Bayan Ƙofa Shida

Ban yi boko ba, ban kuma taɓa jin kunyar haka ba. Ɗiyata ke rubuta wannan, na ce mata in ta rage mini kalma ɗaya ban yafe ba.

A gidanmu na Dauran ba a kai amarya ɗaki sai da ƙwarya mai zanen sawun zabuwa. Kakata ta ƙago zanen, da wuƙa mai zafi ake ƙona shi a bakin ƙwarya. Ni ce ta ƙarshe da ta iya. Da auren jikata ya taso, damina biyu bayan an kawo Shari'a, hannuna ya riga ya fara rawa. Ƙwarya uku na ɓata, na jefar da wuƙar.

Ɗiyata, uwar amaryar, tana aure a Ƙaura. Tana da kwamfuta cikin gida, tana yi wa mata katin biki da sitikar da ake liƙawa jikin robobi. Ta ce, "Inna, kawo tsohuwar ƙwaryarki mu sa zanen ga sitika." Wanda ya sayar mata da kwamfutar, wani mai shago kusa da tashar jirgi, ya ɗauki hoton zanen, ya gyara, ya ba ta cikin ɗan faifai baƙi. Ta zo gida ta sa, ta buɗe inda take zaɓen adon gefen kati. Babu shi! Sai furannin Turawa, waɗanda ko akuya ba ta san su ba.

Ashe sai an kai zanen wani lungu can cikin na'urar kafin ya fito wurin aiki, kuma mai shagon kaɗai ya san hanya. Dole mu kai masa kwamfutar, ga shi lokacin an hana mu mata hawa kabu-kabu, babur ɗin haya. Muka tsaya cikin rana jiran motar mata, ƙaton akwatin kwamfutar bisa kaina kamar tulu.

Muka ishe shi yana buga fastoci. Ya ce, "Inna, ku bar ta nan, bayan Juma'a ku dawo."

"Juma'a za a ɗaura auren. Gwada mata hanya ta yi da kanta."

Ya yi dariya. "Wanga aiki ba na mata ba ne. Ƙofa shida ake bi."

Kaina ya ɗau zafi. "Kai ɗan nan, uwarka ina take aje gishiri? Ƙasan rumbu, ko kusa da murhu? Wane marar kan gado ke sa abin buƙatar kullum bayan ƙofa shida?"

"Ba ni na gina ta ba, Inna, Turawa ne."

"Awo, su suka gina, kai ka naɗa kanka mai gadi."

Na shimfiɗa mayafina a bakin ƙofar shagon na miƙe ƙafa. Ba mai shiga sai ya tsallake tsohuwa, kuma ba wanda ya yarda ya tsallake. Ya jona akwatin yana huci, ƙyas, ƙyas, ƙyas, ya ce ga zanen nan ya sa.

Na ce, "Cire shi. Ka sake a hankali, kana faɗin sunan kowace ƙofa."

Na zare zare daga bakin mayafin. Yadda muke ƙulla ciyawa in mun shiga daji itace don kada hanyar gida ta ɓace, haka na yi wa kowace ƙofa ƙulli, ina maimaita sunanta. Turanci ne, ban san ma'anarsa ba. To sai me? Ni da nake jero kakanninmu tara ba tuntuɓe!

Na sa ya sake cirewa, ɗiyata ta zauna. Ta wuce ƙofa uku, ta huɗu ta ɓace mata. Ya harɗe hannuwa yana murmushi. Na taɓa ƙulli na huɗu, na faɗi sunan da ƙarfi har na waje suka ji. Ta danna, ta ƙarasa biyun. Sai ga sawun zabuwar kakata a jere da furannin Turawa.

Ban yi masa godiya ba.

Ranar Juma'a aka kai jikata da tsohuwar ƙwaryata, kowace mace kuma ta koma gida da roba mai zanen gidanmu. Roba dai ba ƙwarya ba ce, har yau abin yana ci mini rai. Amma zaren nan yana rataye jikin kwamfutar, kuma akwatin bai sake hawa kan kowa ba.