Makaɗan da suka kashe kyandir

Sai da na haura arba'in na koyi karatu, a ajin mata na unguwar Ammariyya, shi ya sa ba na barin rubutu ya wuce ni. Wata la'asar, a kicin ɗin gidan bikin da nake aiki, na karanta a waya labarin wani mai tsara kiɗa na Turai, na zamanin da. Ashe shi ma kamar ni yana da kafili, ubangidan da ba ka tafiya sai da izininsa, wani basarake da ya riƙe shi da makaɗansa nesa da iyalansu. Sai ya tsara kiɗan da a ƙarshensa kowane makaɗi zai hure kyandirinsa ya fice. Basaraken ya gane, ya sallame su.

Lokacin mahaifiyata na kwance a Sudan, kafilina kuma kullum na nemi tafiya sai ya ce, "Bari bukukuwa su wuce." Na kunna kiɗan, na ɗora wayar kan buhun shinkafa. Da sautin gogen ya fara raguwa, sai na ga kamar mu ne. Kowace mace ta kashe murhunta, ta yafa mayafi, muna tafiya a hankali har bakin tekun da ya raba mu da gida, ruwan a shimfiɗe kamar tabarma.

"Yaya, albasarki na ƙonewa!" in ji abokiyar aikina.

Na sauke tukunyar. Ni ba ni da kyandir, kafilina kuma ba ya gane zagaye-zagaye. Na wanke hannu, na shiga ofishinsa.

"Uwa ɗaya gare ni. Asabar zan tafi, halas, magana ta ƙare."

Ya dube ni ya ce, "Wata guda na ba ki, ki dawo."