Mai Shafa Bango

A sabon ɗakin karatun unguwarsu a birnin Liyon na Faransa, Madam Odile tana kallon wani dogon mutum sanye da baƙaƙen kaya, tabaransa kamar gindin kwalba. Yana bin farin bangon nan sumul yana shafawa, ya kara kunne, ya ƙwanƙwasa, sai sauya ƙafa yake yi. A ranta ta ce, lallai wannan mayen tsarin zamani ne, kujera ɗaya gare shi a gida, ita ma ba ta zaunuwa.

"Yallaɓai, ginin ya burge ka ke nan?"

Ya juyo, gumi na tsattsafo masa.

"Madam, ni na zana shi. Ni na hana a sa wa ƙofofin mariƙi don su saje da bango. Don Allah, ina ban-ɗakin yake?"