Neman Kabarin Kakan Baba a Zungeru

Tun ina ƙarami nake jin sunan Zungeru a gidanmu na Toranke, kuma ba a ambatonsa da fara'a. Can aka tafi da kakan mahaifina a zamanin ɗiban gwamna, lokacin da Turawa ke zaune a garin suna mulkin Arewa. An ɗebi samari daga ƙasar Gaya don aikin hanyar jirgi. Waɗansu sun dawo, shi bai dawo ba. Ya bar matarsa da cikin da aka haifi kakana.

Shekarar da idon Baba ya fara rauni, bayan an cire gyaɗa, ya kira ni zaure. Lokacin ina aiki a sakatariyar Ajingi.

"Ka nemi hutu," in ji shi. "So nake ka kai ni Zungeru tun ina ganin hanya."

Na ce, "Baba, me za mu tarar? Ko wanda za mu tambaya ba mu da shi."

"Ubana har ya koma ga Allah yana cewa zai je. Ni dai zan je."

Da sassafe muka hau mota zuwa Gaya, muka bi ta Wudil muka shiga Kano. Baba ya so mu hau jirgi, tunda layin ya ratsa ta Zungerun, amma a tasha aka ce ba ranar tashinsa ba ce. Sai muka nemi motar Minna. Direban ya ce ba ya bin Birnin Gwari saboda halin da hanyar ke ciki, don haka daga Kaduna ta Suleja muka zaga. Baba bai yi ƙorafi ba, ko da ƙafafunsa suka kumbura. Muka kwana a Minna wurin wani ɗan garinmu mai sayar da hatsi, washegari muka shiga ƙaramar mota ta ƙarasa da mu.

Na zaci zan ga birni. Abin da na gani gari ne mai zafi a bakin kogin Kaduna, da tashar jirgi shiru. Wani mai babur ya kai mu inda gidajen Turawa suke a da. Ginshiƙai ne tsaye cikin ciyawa, ba rufi, awaki na kiwo a tsakani. Baba ya shafa wani bango ya ce, "Ashe daga nan ake juya mu."

A maƙabartar Turawa kuwa kowane kabari da dutsensa da rubutunsa. Baba ya sa na karanta masa. Da ya ji yawancinsu samari ne, sai ya ce, "Su ma uwayensu sun yi ta jira."

Bayan azahar muka gaisa da wani dattijo a masallacin kusa da tasha, tsohon ma'aikacin jirgi. Baba ya tambaye shi inda aka binne leburori.

"Malam, ba zan yi maka ƙarya ba," in ji dattijon. "Ba wuri ɗaya ba ne. Mun ji daga manya cewa inda mutum ya faɗi, nan 'yan'uwansa ke tona masa a gefen layi. Ba wanda ya sa alama."

Ya raka mu bayan gari, inda layin ya miƙe tsakanin gonakin doya. Baba ya cire takalmi, ya fuskanci gabas, ya ɗaga hannu. Ya kira sunan kakansa da na ubansa, ya roƙa musu gafara, ya haɗa da duk wanda ke kwance a wurin. Ni da dattijon muna bayansa muna amin. Ban taɓa ganin hawayen Baba ba sai ranar.

Da muka dawo Toranke, gwaggona, ƙanwarsa, ta tare shi tun daga zaure.

"Yaya, kun ga kabarin?"

"Ba mu gani ba. Amma na tsaya inda ya yi aiki, na yi masa addu'a."

Ta goge ido da gefen mayafi, ta tambaye shi ko akwai inuwa a wurin. Ya ce akwai bishiyoyi manya. Ranar Juma'a ta soya waina, aka raba wa maƙwabta sadaka.