Hancin Ɗakin Gwaggo

Ana idar da sallar asuba muka bar Bertoua, ni da ƙanwata. Yayanmu ya ɗora mana aiki guda: mu duba Gwaggo a unguwar Briqueterie da ke babban birni, in tarin da ake cewa tana yi ya tsananta, mu taho da ita ko tana so ko ba ta so.

Hanya lafiya lau, sai manyan motocin katako da ke tafiya kamar an tilasta musu. A garin Ayos muka sayi kifi da bobolo, wato curin rogo da ake naɗewa a ganye. Kifin ya yi tsada, amma ban yi da-na-sani ba.

Da azahar muka ratsa cunkoson kasuwar Mokolo muka shiga unguwa. Ni da shegen kalle-kalle, idona ya tsaya kan tubalan nan masu huda-huda da ake jerawa a saman bango. Magina a nan suna ce musu kulostara, mu kafar iska muka sani, Gwaggo kuwa hancin ɗaki take cewa. Na kowa a buɗe, nata kaɗai an cusa tsumma da kwali. Muna shiga warin danshi ya tare mu, bango ya yi baƙi, ita kuma tana jan numfashi da ƙyar.

Na zaci hayaƙin masu tsire take gudu, ko sauro. Na tambaya.

“Ɗan nan, ba iska kaɗai ke fita ta nan ba,” in ji ta. “Ina tari maƙwabciyata za ta ji, ta buga wa yayanku waya. Shekara arba'in ina ɗakin nan, ina zan je?”

Ashe ɓoye tarin take yi, ɓoyon kuma yana ƙara shi.

Muka yi sharaɗi: gobe asibiti, a buɗe kafofin, mu kuma mu lallashi Yaya. Na hau kujera na zaro tsummokaran, har da tsohon ɗankwali. Tana yin tarin farko, murya ta ratso bango: “Sannu, Hajiya.” Gwaggo ta harare ni, sannan ta amsa.

Kwana huɗu muka yi, likita ya ba da magani, muka dawo mu biyu. Na koyi tambaya kafin in yanke wa tsoho hukunci. Yaya ya tare mu a tasha yana leƙen mota, na ce masa Gwaggo na gaishe shi daga ɗakinta.