Na'urar da Ba Ta Ji

Inna ce ta faɗa min, muna yanka tumatir za mu shanya kauɗa a tsakar gida. Ba ta ɗago kai ba, wuƙa kawai take ja, ta ce Baba jini yake gani a fitsarinsa tun kafin a dasa albasa. Ni ce babba a gidan, shi ya sa aka fara da ni, kuma daga ranar abinci ya daina yi min daɗi.

A Kura jini a fitsari ba labari ba ne. Duk wanda ya taso yana wanka a kanal ɗin noman rani ya yi tsargiya, ya sha magani ko bai sha ba. Amma wata ma'aikaciyar jinya da muke gaisawa ta ce min na tsoho daban yake da na yaro, wani lokaci tsohuwar tsargiya ce ke rikiɗa ta zama ciwon daji a mafitsara. Na roƙi Inna ta yi wa Baba zancen asibiti a Kano. Ya ce ba zai bar tumatir a bakin nuna ya je yara sa'o'in jikokinsa su tuɓe shi ba. Baba kuwa idan ya ce a'a, magana ta ƙare.

Ana cikin haka ƙanena ya zo hutu daga ƙasar waje inda yake dogon karatu. Lokacin wayar hannu ba ta daɗe da shigowa garinmu ba, sai ga shi da kwamfuta da wani akwati kamar rediyo. A cikin akwatin akwai ɗan gilashi bai fi farce ba, a kansa an shimfiɗa wasu siraran wayoyin lantarki da ido ba ya gani, ya ce gashin kai katako ne a kansu. Jikin kowace waya an manna wani abu kamar tarko, wanda ke kama irin sinadarin da mafitsara mai ciwo ke zubarwa. Idan ya kama, wutar da ke bi ta wayar sai ta canja, layi ya motsa a kwamfuta. Duk karatunsa a kan abu guda ne, yadda za a ƙara wa na'urar nan ji, ta gane abin ko da ɗan mitsitsi ne.

Baba na jin haka ya washe baki. "To ai ga asibiti ya zo gida, Dakta."

"Baba, ba a gama ta ba. A ruwan ɗakin gwaji kawai na taɓa gwada ta."

Ko saurarensa bai yi ba. Da safe Inna ta miƙo wata 'yar kwalba ta fitsarin Baba a ƙunshe cikin baƙar leda, tana kallon gefe. Ƙanena ya ɗiga, muka zuba wa kwamfuta ido. Layin nan ya miƙe sambal kamar titin Zariya.

"Me ta ce?" in ji Baba daga bakin ƙofa.

"Ba ta ji komai ba."

"Alhamdu lillahi. Kun ji ko? Babu komai."

"Baba, ba ta ce babu ba. Ba ta ji ba ne kawai."

"Duk ɗaya ne," ya ce, ya ɗauki fartanyarsa ya yi gona.

Kafin azahar Inna har ta jiƙa shinkafa za ta yi wainar sadaka. Wallahi na ji kamar in kife kwanon. Haushi na huce a kan ƙanena, na ce ya ƙetare teku ya kawo mana abin da ba ya ji, kamar ba mu da isassun marasa ji a gidan. Bai yi dariya ba. Ya ce gishiri ne matsalar. Fitsari cike yake da gishiri, gishirin ke taruwa ya lulluɓe wayar, ko tarkon ya kama abin ba za ta sani ba. "Yaya, kamar a yi miki raɗa ne a tsakiyar kasuwa," ya ce.

Ya hau aiki. Ya sayo ruwan batir ya sirka fitsarin don gishirin ya ragu, sai abin da ake nema shi ma ya tsinke a cikin ruwan. Gaba kura, baya sayaki. Ya koma tacewa ta wata 'yar leda mai ƙofofin da ba a gani, wadda ke barin gishiri ya fita ta riƙe sauran. Ya wanke gilashin, ya sake manna tarkon. Ga injin casar shinkafa na maƙwabta, da ya tashi sai layin ya kama rawa, a rasa gane motsin ciwo da motsin inji. Ni kuwa ina aji ina koyar da yara lissafi, hankalina na kan kwalba.

Abin da ya fi damuna shi ne addu'a. In na idar da salla na ɗaga hannu sai in rasa me zan roƙa. In layin ya ƙi motsi, Baba ba zai je asibiti ba. In ya motsa, ubana na da ciwon da nake tsoro. Sai in ce Allah Ka zaɓa mana abin da ya fi alheri, in shafa, amma ni na san wanda zuciyata ke so, kuma ina jin kunyar kaina.

Ranar wata Juma'a da hantsi injin maƙwabta bai tashi ba. Ƙanena ya haɗa akwatin da batirin mota, ya ɗiga abin da ya tace. Layin ya tafi a miƙe, ya tafi, sai ya ɗan rusuna ƙasa, ya tsaya a nan.

Ban san Baba na tsaye a bayanmu ba. "Yau kuma me ta ce?"

Ƙanena ya juyo. "Ta motsa, Baba. Amma ba zan rantse a kai ba. Mai yiwuwa ciwon ne, mai yiwuwa zafin ɗakin ne. Asibiti ne kawai za su faɗa maka gaskiya."

Na jira faɗa. Sai Baba ya cire hula, ya zauna a kan buhun shinkafa, abin da ban taɓa ganin ya yi ba.

"Ni ai ina ji," ya ce a hankali. "Tun noman ranin bara nake ji. So nake wani ya ce min babu."

Can ya ɗago, ya kira ni da sunana na yanka, ni 'yar fari da tun da na yi wayo ban taɓa jin sunan nan a bakinsa ba. Ya ce gobe in shirya, ni zan raka shi Kano, don ba ya so ya shiga asibitin shi kaɗai.