Wasiyyar Kawu da Gurmin Kakanmu

Shekarun baya, ina sabon fara aiki a wani kamfanin jigilar kaya a Jebel Ali da ke Dubai, kawuna ya kira ni da sassafe. Yayan mahaifiyata ne, ya daɗe da shagon takalma a unguwar Naif, nan cikin Dubai. Ya ce, "Ɗana, ka nemi hutu gobe ka raka ni wajen lauya. Wasiyya zan rubuta."

A gidanmu ba a zancen wasiyya sai mutum ya kwanta ciwon da aka fara cire rai. Ko tambayarsa ban yi ba, na kira mahaifiyata a Kano ina kuka, ƙato da ni da gemuna. Kafin azahar dangi sun cika gida, har an fara shirin saukar Alƙur'ani. Shi kuwa mutumin yana shago yana cin shinkafarsa da kaza.

"Lafiyata ƙalau," ya ce, yana dariya har da hawaye. "Nan ba a jiran ciwo. Da ƙafarka kake zuwa a rubuta, khalas, shi ke nan."

A ofishin lauya na ji zancen. Kakanmu makaɗin gurmi ne, kuma Kawu kaɗai ya koya a wajensa. Ashe duk Lahadi yana hawa benen wata ƙaramar makarantar kiɗa a unguwar Deira yana koyarwa. Yana so a ba makarantar wani abu daga sulusin da addini ya yarda mutum ya yi wasiyya da shi, don kada ajin ya mutu, a kuma bar musu gurmin Kaka. Lauyan ya tambaya ko gurmin nasa ne shi kaɗai. Kawu ya ce a'a. Gado ne da ba a raba ba, mahaifiyata tana da rabo, dole sai da yardarta.

Ita kuwa ba ta son a tuna mata. Suna yara an sha kiransu 'ya'yan maroƙi, abin bai taɓa barin zuciyarta ba. "Haba Yaya," ta ce a waya, "mutane na barin rijiya da masallaci, kai sai kiɗa?"

"Rijiyar ma na sa," in ji shi. Ta kashe wayarta.

Bayan wata biyu ta zo, wai sarin abaya, amma na san so take ta ga da idonta ba mutuwa yake ba. Da ƙyar muka lallaɓa ta zuwa makarantar. Ta zauna bakin ƙofa, jaka a cinya, fuska a ɗaure. Ɗaliban Kawu, wata nas 'yar Sudan da wani direba ɗan Fakistan, suka fara kaɗa wani taken Kaka. Suna tsaka da kiɗa ta daka musu tsawa.

"A'a! Ba haka Baba yake sauke shi ba."

Sai ta kama waƙar. Ban taɓa jin mahaifiyata tana waƙa ba sai ranar. Ta rero baitocin da Kawu ya daɗe da mantawa, shi kuma yana bin ta da gurmin, hawaye na sauka a gemunsa. Ni ma na sake yin kukan, amma wannan karon da dalili.

Muna saukowa ta ce, "Na yafe rabona. Amma ni zan koya musu waƙar, tunda kai rabinta ka riƙe."

Kawu na nan da ransa, duk inda ya gan ni sai ya ce, "Ga mai shelar mutuwata." Na fahimci daɗin mutum ya shirya abin da zai bari tun yana iya ganin ana amfani da shi. Mahaifiyata tana turo wa ajin waƙoƙi ta waya. Kwanaki na ji ta tana faɗa wa wata baƙuwa, ba tare da ta rage murya ba, "Ai ni 'yar makaɗi ce."