Jinjinar da ta kusa saya mini giya

Ina ɗaga hannu sai mai gwanjon ya nuna ni, ya ce da Larabci, "Tamam, ya Hajj!" Wato ya karɓa.

Wani Bature ne zai bar Alƙahira aka yi gwanjon kayan gidansa, na je neman firij. Sai ga Alhaji Bala ya shigo, mahaifin yaron da zai auri 'yata. Na dunƙule hannu na yi masa jinjina irin tamu ta gida. Ashe a wurin nan ɗaga hannu tayi ne, abin da ke kan tebur kuwa kwalin giyar inabi.

Ga hula, ga carbi, ga suruki yana kallona. Larabcina na sayen burodi ne, ba ya warware ciniki.

Allah Ya kawo wata tsohuwa ta ƙara a kan tayina. Ban taɓa murnar shan kaye haka ba.

Alhaji ya matso. "Malam Sani, ashe ana ɗan taɓawa?"

"Wallahi kai na gaisar, ranka ya daɗe."

"To, har a ɗaura auren nan, ka riƙa gaishe ni da baki."

Jama'a, da kwalin nan ya faɗo hannuna, wane bayani suruki zai saurara?